Daɓen Ɗakin Inna

Tun da hantsi injin yankan tayil yake kuka a gidan maƙwabta, irin kukan nan mai shiga haƙori, ni kuwa ina zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna ina kallon kwalayen da ɗana Habibu ya sa aka jibge a gindin bango. Namu tayil ɗin ke nan, fari mai ratsin toka, kuma an ce magini yana tafe. Habibu bai yi laifi ba. Ya ce gwiwoyina sun gaji da durƙuson shafe ƙasa, ya ce tsagar da ke kusa da gado ta fara fitar da tururuwa, ya ce duk unguwar nan ta Kukuo babu sauran ɗaki mai daɓe sai wannan, har jikokina suna jin nauyin shigo da ƙawayensu. Duk gaskiya ya faɗa, na kuma ce masa to. Amma tun da na furta wannan to ɗin kunnena ya ƙi zama a zamanin nan. Ƙarƙashin kukan injin, ƙarƙashin hon ɗin babura da yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, da ke wucewa a titi, wani sauti nake ji wanda ya daɗe da barin Tamale: tim, tim, tim, madaɓai suna sauka tare a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Yaran yanzu ba su san madaɓi ba. Guntun icce ne mai nauyi, an fafe masa mariƙi, cikinsa a shafe kamar tafin ƙafa. A da, in bazara ta kai ƙarshe, ɗorawa ta nuna, bakin kowane yaro ya yi rawaya da garinta, to lokacin daɓe ya yi. Mata sukan haƙo burji, jan tsakuwar nan ta bakin rami, su jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tukwane har ruwan ya yi duhu ya zama makuba, su baza burjin a ɗaki, su yayyafa, su jeru a durƙushe suna duka suna waƙa. Daga nesa ba za ka ji waƙar ba sai dukan, yana zuwa ta cikin ƙasa ya shiga ƙafarka kafin ya iso kunnenka. Yanzu mutum ɗaya da buhun siminti ya isa ɗaki, ya gama ya wanke cebur ɗinsa ya tafi, ko sunansa ba ka tambaya ba. A da ɗaki ba ya samun ƙasa sai unguwa ta yarda.

Ni ba a kan daɓe aka haife ni ba. A Zongo aka haife ni, kusa da babbar kasuwa, a gidan da kakanmu ya gina bayan ya gaji da bin hanyar goro. Ɗakin Inna a can siminti ne, ja, ana goge shi har yana ɗaukar hasken fitila. Baba yana fataucin goro, yana tafiya kudu ya dawo da ƙamshin ganyen da ake naɗe shi a jikin rigarsa. Inna ba ta fita sai biki ko gaisuwa, da mayafinta da 'yar rakiya. Hannunta ba ya rabuwa da lalle, kuma taushinsa nake fara tunawa in an ce uwa. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai “ke” ko “ke wannan”, ni kuma ina amsawa a makare, domin kullum hankalina yana wani wuri, ko a gajimare, ko a guntun jaridar da aka ƙunso ƙosai a ciki. Baba ne ya sa ni makarantar boko, 'yan'uwansa suna ta magana, ya ce yarinyar da ke karanta takardar ƙosai gara a ba ta littafi.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, na 'yan kwanaki. Gidan Zongo na dangi ne gaba ɗaya, cinikin kuwa a kansa yake, ya tafi da shi. Da Inna ta fita takaba, ƙanensa Baffa Sule ya zauna a tabarma a ƙofar ɗakinta ya shimfiɗa abin da dangi suka yanke. Ni zan tafi Kumasi wurin Gwaggo in taya ta tsaron kaya a kasuwa. Ƙanena Garba zai zauna wurin shi Baffa. Ƙanwata Rabi, da ke goye, za ta bi Inna gidan iyayenta. Ba mugunta ba ce, haka ake riƙon marayu, kowa ya ɗauki wanda zai iya. Amma ina bayan ƙofa ina ji, sai na ga an yanka mu kamar doya an rarraba a kwanuka.

Sai Inna ta ce, “Malam Sule, akwai filin nan na Kukuo.”

Baba ya taɓa karɓar fili a can bakin gari, ya sa aka ta da ɗaki ɗaya kewayayye irin na Dagombawa, aka yi masa jinka, da niyyar ajiye kaya, bai kai ga gamawa ba.

“Yaya, wannan ai kango ne,” in ji Baffa. “Ko ƙasa ba a yi masa ba. Cikin gonaki, cikin mutanen da ko harshensu ba ki ji. Me za ki ci?”

“Zan dama koko. Ka bar mini su, in gwada.”

Ya shafa gemunsa, ya dubi sama kamar mai lissafin wata. Ya ce, “To, ba zan hana ki ba. Amma wallahi in damina ta sauka ta iske 'ya'yan yayana kwance a kan turɓaya, ruwa yana tsatsowa ta ƙarƙashinsu, zan zo in kwashe su, kuma ba za ki ce na zalunce ki ba.”

Inna ta ce ta ji. Da wannan sharaɗi muka ɗaura kayanmu.

Wanda ya san Kukuo ta yau, da shaguna da fitilun titi da gidaje manne da juna, ba zai yarda da abin da zan faɗa ba. A lokacin, in ka tsaya a ƙofarmu, gonaki kake gani har inda ido ya gaji, da itatuwan kaɗanya da ɗorawa tsaye ɗai-ɗai kamar tsofaffin da suka fito shan iska. Zabi ne ke tashinmu da safe, da sautin taɓarya, da gaisuwar mata a hanyar dam: wannan ta ce “Dasiba,” waccan ta ja “Naa” har sai ta wuce. Na so wurin tun ranar farko, don sama ta fi yawa a can. Amma ɗakin bai so mu ba. Ƙasarsa gari ce, in ka taka ta tashi, in ka zuba ruwa ta zama taɓo. Gara ta cinye gefen tabarmarmu, ta fara taɓa akwatin Inna. Wata safiya Garba ya ɗaga matashinsa ya ga kunama a kwance kamar ita ce mai ɗakin.

Inna ta ga yadda ɗakunan maƙwabta suke sumul, ta kuma ga madaɓi jingine a bayan wani gida, sai ta ɗauka daɓe aikin gida ne irin su wanki da daka, wanda mace mai mutunci take yi a bayan ƙofarta ba tare da duniya ta san babunta ba. Ta sa wani masassaƙi ya yi mata madaɓi. Ni da ita muka yi ta jidar burji, muka yi ta zarya dam da garwa, a lokacin da ruwan ya janye can tsakiya sai ka ratsa laka kafin ka kai gare shi. Muka saki labule muka hau duka. Muna gefen gabas, gefen yamma yana bushewa. Mu koma yamma, gabas ta yi tauri ba ta haɗe da sauran ba. Da rana ta yi kwana biyu a kansa, ɗakin ya tsattsage kamar bayan kunkuru, in ka sa yatsa sai ɓawon ya ɗago.

A haka Mma Azara ta same mu. Ita ce tsohuwar gidan da ke kusa da mu, doguwa, busasshiya, mai ɗaurin zane a ƙirji da ɗan guntun asuwaki a gefen baki. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne a wurinta. Ta yi sallama ta ɗaga labule, ta tsaya tana kallo. Ta sa babban yatsan ƙafarta ta ɓamɓaro wani ɓawo, ta harba shi waje.

“Matar Zongo, wannan ɗaki ne ko ƙanzon tuwo?”

Inna ta sunkuyar da kai.

“Ina makuba? Ruwa tsura ka zuba? Kai da wannan mai kallon sama kaɗai?” Ta nuna ni da asuwakinta. “Daɓe ba ya jiran mutum. In ya sha ruwa, duka ɗaki ake bugawa lokaci ɗaya, kafin ya bushe. Hannu huɗu, wai! Ko kaza ya fi ku yawan ƙafa in ya kawo 'ya'yansa.”

Ta fita tana dariya, mu kuwa ba mu ci abincin kirki ba ranar. Ba burjin ya fi yi mana ciwo ba, ruwan da muka zubar ne.

Washegari Inna ta yi abin da ta sani. Ta ƙulla goro mai kyau a ganye, cikin ɗan abin da ya rage na Baba, ta ba ni in kai wa Mma Azara a raba wa mata, a ce tana gayyar daɓe. Haka ake gayyata a Zongo, goro ya je, mutane su zo. Mma Azara ta kwance, ta zaɓi fari ta ɓare, ta tauna a hankali, sannan ta kama hannuna muka dawo wurin Inna tare.

“Goro mun gode, zai ciwu,” in ji ta. “Amma goro ba ya durƙuso. Ɗakin wa ka taɓa bugawa a nan? Gwiwarka ya taɓa ƙasar wa? Ku a Zongo kuna cewa zumunta a ƙafa yake. A nan a gwiwa yake. Gobe akwai daɓe gidan Sanatu. Ka zo da iccenka, ka zo da ruwanka. In ka buga na mutane, mutane za su buga naka.”

Bayan ta tafi Inna ta zauna tana kallon tafin hannunta, inda sauran lalle ya dushe. Matar da ba ta taɓa zuwa kasuwa da ƙafarta ba, ana ce mata ta ɗauki garwa a ka ta je ta durƙusa a tsakar gidan baƙi. Na san abin da take aunawa: abin da Zongo za ta ce, da mu ukun. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke, in kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take. Nemo mini tsumman gammo.”

Na raka ta gidan Sanatu, don babu makaranta ranar. Ba zan manta da yadda ta shiga layin matan nan ba, da mayafinta ɗaure a ƙugu, kamar farar kaza cikin zabi. Ba ta san waƙar ba, ba ta san saukar ba. Suna ɗagawa tana bugawa, suna bugawa tana ɗagawa, sai a ji tim, sannan a ji ɗan tak nata shi kaɗai a baya. Mata suka fashe da dariya. Mai ba da waƙa, wata gajeriya mai murya kamar ƙararrawa, nan take ta juya baitin ta sa Inna a ciki. Da Dagbanci, harshen Dagombawa, suke yi, amma na fara tsintar harshen a makaranta, na gane: wai matar mai siminti ta zo, a shimfiɗa mata tabarma, hannun lalle ya ga ƙasa yana kuka. Inna ta tambaye ni da ido me suke cewa, na girgiza kai kamar ban ji ba. Kafin azahar tafinta ya yi bororo, ya fashe, mariƙin madaɓin ya yi ja. Ba ta tashi ba sai da aka tashi. Da yamma Mma Azara ta aiko da man kaɗe a ɓawon ƙwarya, ba ta haɗa da wata magana ba.

Haka bazarar nan ta tafi. Da asuba Inna ta dama koko in kai bakin hanya kafin in wuce makaranta, da hantsi ta goya Rabi ta bi sautin madaɓai duk gidan da yake. Ni da Garba muna tsintar ɓawon ɗorawa muna tarawa a bayan ɗaki. Bororon ya warke ya zama kanta. A hankali tak ɗinta ya ɓace cikin tim ɗin jama'a, har in na tsaya a waje ba na iya ware nata. Wata rana aka sake jefo mata baitin hannun lalle, ashe ta riga ta sa wata ta fassara mata. Sai kawai muka ji ta ɗaga murya da Hausa, a kan karin waƙarsu: lalle baƙo ne, ya zo ya tafi, hannu ne ɗan gida. Wurin ya kaure da guɗa. Mai waƙar ta dafa kafaɗarta tana dariya har da hawaye, aka karɓi baitin aka yi ta amshinsa da karyayyiyar Hausa. Ranar ce na fara jin dariyar Inna tun rasuwar Baba.

Amma daɓe layi ne, baƙo kuwa shi ne a ƙarshe. Ni da aka sani da kallon sama, yanzu da dalili nake kallonta. Kowace la'asar gabas tana ƙara duhu, walƙiya tana wasa can ƙasa-ƙasa kamar mai leƙe. Baffa Sule ya zo a kan kekensa, ya tsaya a ƙofa ya dubi ƙasar ɗakin da muka kankare muka mai da ita turɓaya, ya dubi hannun Inna da ta miƙo masa ruwa.

“Subhanallahi, Yaya! Wannan hannunki ne? Ana ta faɗa a Zongo ban yarda ba. Wace irin wahala ce wannan?”

“Aiki ne, Malam Sule. Wahala daban.”

“Direban da zai sauka Kumasi na yi magana da shi. Ranar Juma'a in an sauko zan zo.”

Juma'ar nan ita ce ranar da aka sa mana. Muka baza burji tun Alhamis, makuba ta cika tukwanen aro, Inna ta kwana da shirin tubani da wasa-wasa na masu aiki. Sai ga yayyafi da yammacin Alhamis ɗin, ba mai yawa ba, daidai wanda zai jiƙa gona ya ta da ƙamshin ƙasa. Duk wanda ya zauna da manoma ya san abin da ruwan farko yake yi musu. Gari na wayewa unguwa ta zama kufai, kowa ya ɗauki iri ya nufi gona, har tsofaffi.

Rana ta fito, ta ɗaga. Tubani ya huce a tukunya. Garba yana ta zarya bakin hanya yana dawowa. Ni ina tsaye na rungume Rabi, ina ƙoƙarin tuna fuskar Gwaggo ta Kumasi, ina tunanin wa zan bar wa littattafaina. Inna tana zaune tana kallon burjin. Da hantsi ya yi sosai sai ta tashi ta ɗaura ɗamara, ta yayyafa makuba a bakin ƙofa, ta durƙusa ita kaɗai a gaban burjin nan mai yawa. Ta san hannu ɗaya ba zai yi ba, ta fi kowa sani. Ta ɗaga madaɓi ta buga. Tim. Ta sake. Tim. Babu sautin da ya taɓa yi mini kaɗaici kamar wannan.

Sai na ji an amsa. Can daga hanyar gona, wani ƙwam, ƙwam, daidai da saukar hannunta. Na fita da gudu. Ga su nan tafe a jere, ƙafafunsu duk laka, kowace da garwar ruwa a ka, sabon ruwan da yayyafin jiya ya tara, suna buga gefen garwa da madaɓai suna bin dukan Inna. Mma Azara ce a gaba.

“Mai kallon sama, rufe baki ƙuda zai shiga! Ka ɗauka mun manta? Ciki ma ɗaki ne, sai da muka sa masa iri tukuna.” Ta leƙa ɗaki ta ga Inna a durƙushe. “Kai, matar Zongo, matsa! Kullum kai sai ka riga mutane ko ka makara.”

Inna ta matsa. Ban ga fuskarta ba, don ta juya wa ƙofa baya, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Suka cika ɗakin har ba wurin sa ƙafa, gwiwa na gugar gwiwa, suka fara daga bangon ciki suna ja da baya. Ni aka ba ƙwaryar makuba da tsintsiya ina yayyafawa a gabansu. Jinka tana amsawa, ƙirjina yana amsawa, jan burjin nan yana kwanciya yana duhu yana ɗaukar sheƙi a ƙarƙashin hannuwansu. Ana cikin haka Baffa Sule ya iso da farar rigarsa ta Juma'a. Shi bai sani ba, namiji ba ya tsayawa a wurin daɓe ya tsira. Mai waƙar ta hango shi ta sa shi a baiti, da kekensa da gemunsa, mata suka karɓa. Mma Azara ta fito ta tare ƙofa da dogon jikinta.

“Malam, ka zo bugawa ne ko ka zo kallo? In bugawa ne, cire riga. In kallo ne, kawo goro.”

Baffa ya laluba aljihu ya zube mata duk goron da ke ciki, ya ja kekensa zuwa gindin kaɗanya ya zauna. Bai tafi ba. Yana nan har rana ta karkata, har madaɓi na ƙarshe ya fito ta ƙofa da baya, aka gitta icce don kada kaza ta shiga. A rumfar Mma Azara muka yi kwanakin jiran bushewa, ana shiga ana shafe shi da makuba ana fitowa. Ranar da aka ɗauke iccen Baffa ya dawo. Ya cire takalmansa a waje, ya shiga, ya zaga, ya doka diddigensa a tsakiya, ya doka a gefe. Ƙasar ta yi masa ƙara kamar dutse. Sannan ya ce, “Yaya, Allah ya sa albarka. Direban na sallame shi.” Ya juyo gare ni: “Ke kuma, ki riƙe karatun nan da kyau.” Da la'asar ɗin ranar hadarin gaske ya sauko, da iska da tsawa, ruwa ya yi ta gudu a tsakar gida kamar rafi. Mu huɗu muna zaune a kan busasshiyar ƙasa mai sanyi da ƙamshin ɗorawa, Garba yana birgima daga bango zuwa bango don daɗi.

A kan wannan daɓe na yi karatuna, a kife, fitila a gabana, har na zama malamar makaranta. Daga kansa aka ɗauke ni zuwa gidan mijina a Lamashegu. Rayuwa kuma ba ta yi mini rowar duka ba. Na binne ɗana na fari tun bai yi magana ba. Na ga shekarar da abinci ya ɓace daga kasuwa, muna dafa ganye mu ce wa yara miya ce ta zamani. Na ga lokacin da aka hana fita da yamma, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Na yi takabata ni ma, da yara ƙanana. Kowane karo nan nake dawowa, in kwanta a ƙasa in manna kumatuna da sanyinta. Inna ba mai yawan lallashi ba ce. Takan bar ni in yi kukana, sannan ta nuna mini wani wuri da ya fara tsagewa ta ce, “Ke, tsaga ba mutuwar ɗaki ba ce. A jiƙa, a kira mutane, a sake bugawa.” Na daɗe ina ɗauka haƙuri take koya mini. Sai da na manyanta na lura kullum sai ta sa “a kira mutane” a tsakiya, ita da ta taɓa sakin labule don kada a ga babunta.

Duk bazara ana sabunta shi, mu ma muna zuwa na wasu. Sannan siminti ya fara shigowa gida-gida, layin daɓe yana gajercewa. Gari ya taso ya haɗiye gonakin, aka sare ɗorawa aka kafa shaguna, mu ma muka sauke jinka muka ɗora kwano, Garba ya gina ɗakuna masu kusurwa a kewaye. Mma Azara ta tafi, mai waƙa ta tafi. Daɓen ƙarshe da aka yi a ɗakin nan mu huɗu ne, dukkanmu da furfura, muna bugawa muna hutawa, muna yi wa juna dariyar haki, babu mai ba da waƙa sai muka yi ta amshi kawai. A ɗakin nan Inna ta cika, ni da Garba da Rabi muna zagaye da ita, ba wanda aka aika wa saƙo daga nesa. Na riƙe hannunta, mai kaushi kamar ɓawon icce, na rasa wanne na fi so, shi ko mai lallen.

Maginin ya iso bayan azahar, saurayi mai fara'a da fensir a bayan kunne. Ya leƙa ya yi tsaki cikin wasa, wai ɗaki kewayayye sai ya cinye masa tayil da yanka. Habibu ya ce a fara fasa tsohuwar ƙasar a kwashe. Na buɗe baki zan yi magana, saurayin ya riga ya ɗaga diga ya sauke a tsakiyar ɗaki. Digar ta yi tsalle ta dawo, ta bar ɗan tabo kamar na farce. Ya sake, da ƙarfi. Ya tsaya yana yarfe hannu.

“Hajiya, wane inji ne ya danne wannan?”

“Ba inji ba ne,” na ce. “Mma Azara ce, da Sanatu, da Fuseina mai waƙa, da Ayishetu matar mai fawa, da...” Sai na ga ina ta jero su, suna zuwa bakina ɗaya bayan ɗaya yadda suka jero a hanyar gona, shi kuwa yana tsaye da diga yana kallona. Inna ce ta ƙarshe da na ambata.

Habibu ya sunkuya ya shafa tabon da yatsa. Na ce masa, “Ba don ƙasar nan ba, da a Kumasi na tsufa ina tsaron kayan wani, kai kuma ban san inda za a samo ka ba.”

Habibu ya miƙe ya ce wa maginin, “Bar fasawar. Za ka iya shimfiɗawa a kai?”

“Ai ya fi mini sauƙi, maigida. Wannan ya fi kankaren da muke zubawa.”

Sun fita auna yashi. Na jawo madaɓin Inna daga ƙarƙashin gado, mariƙinsa ya lotsa daidai yatsunta. Na dafa bango na durƙusa da ƙyar, gwiwoyina suna ƙara, na ɗaga shi da hannu biyu na sauke a kan ƙasar sau ɗaya. Tim. Na tsaya a haka, kunnena yana wajen hanyar da a da take zuwa gona.